Babi na Shida: Saƙon da Ya Iya Jira

A farkon watan Satumba na 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe turakunsu a faɗin jihar Zamfara, bisa roƙon gwamnatin jihar da ke son toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. A kwanakin farko mutanen Gusau suka riƙa shiga mota zuwa Funtuwa don kawai su buga waya, su duba asusunsu, su juya. Ba a rufa mako biyu ba abin ya iso Katsina. Ƙananan hukumomi 13 suka wayi gari babu sabis, cikinsu har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Bakori da Malumfashi, da ita kanta Funtuwar. Kwanaki kaɗan kafin nan, Gwamna Aminu Bello Masari ya riga ya sa hannu a dokar da ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin da dama. Sai a watan Disamba aka fara maido da sabis a Katsina.

Abin da aka fi tunawa daga waɗannan watanni shi ne kewar muryar 'yan uwa. Wasiƙa ta dawo da darajarta: a rubuta, a ninke, a kai tasha a damƙa wa direba ko yaron mota. Amma akwai wata hira da ta yanke ba tare da an ji ƙararta ba, wato hirar na'ura da na'ura. Na'urar mai POS ta koma kamar dutse a kan tebur. Tiransifa ta tsaya, alat ya daina shigowa. Duk kasuwancin da aka gina a kan zaton cewa kwamfutar can nesa za ta amsa nan take, ranar ya gane abin da ya jingina da shi.

A ɗauki misalin ɗan kasuwa mai sayar da taki da iri da maganin feshi. Babban sitonsa yana Funtuwa, yana da shago a Ƙanƙara, wani a Sheme cikin ƙaramar hukumar Faskari, wani a Sabuwa. Yana da manhajar da yaran shago ke rubuta ciniki a waya, da wadda ke ƙidayar kayan sito, da wadda akawunsa ke lissafin riba da bashi, ga kuma ta banki da ta tura wa manoma saƙon tes. Kowacce kamfani daban ne ya rubuta ta, kowacce da irin harshenta. Buhun yuriya ɗaya da aka sayar a Sabuwa dole labarinsa ya je wuri huɗu: sito ya rage buhu, littafin kuɗi ya ƙaru, banki ya tabbatar da biya, manomi ya sami rasit. Idan labarin ya isa uku ya ɓace a na huɗu, ƙarshen wata za a zauna ana zargin yaron shago da abin da bai yi ba.

Wannan matsala ta girmi wayar hannu. A 2003 Gregor Hohpe da Bobby Woolf suka fitar da littafinsu Enterprise Integration Patterns, inda suka ce hanyoyin haɗa manhajoji huɗu ne. Ko a tattara bayanan yini cikin fayil a miƙa da dare, ko duk manhajojin su riƙa ɗiba daga rumbun bayanai guda, ko wannan ta kira waccan kai tsaye ta tsaya jiran amsa, ko kuwa ta rubuta saƙo ta ba wani amintacce ya riƙe, ta ci gaba da aikinta. Ta uku ita ce masu rubuta manhaja suka fi saurin kamawa, domin ta fi sauƙin rubutawa. Buga waya ke nan: sai wanda ake nema yana nan, wayarsa a kunne, sabis ya haɗa su a daƙiƙa guda. Bahaushe ya ce zuwa da kai ya fi saƙo, kuma a sha'anin neman aure ko sasanta rigima haka ne. A tsakanin na'urori biyu da ke gefe da gefen dajin da turakun waya ba su da tabbas, saƙon da aka ba mai riƙon amana ya fi isa.

Fataken ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan. Sallahu ba ya bukatar mai aikawa da mai karɓa su haɗu. Mai shago ya ba direba takarda da safe, direba ya ajiye ta a wurin ɗan kamasho a tashar Funtuwa, maigida ya zo da la'asar ya karɓa. Abin da injiniyoyi suka yi shi ne ƙera ɗan kamashon nan da manhaja. Kamfanin IBM ya fitar da nasa, MQSeries, a 1993, bankuna da kamfanonin jiragen sama suka rungume shi. Sai dai a wancan zamani sai ka sayi manyan kwamfutoci, ka gina musu ɗaki mai sanyi, ka ɗauki ma'aikata. Abin da ake kira gajimare ya sauya wannan lissafi. Gajimare ba wani abu ba ne illa kwamfutocin haya da ke jibge a manyan gine-ginen Amazon da Microsoft da Google, ana shiga ta intanet, ana biyan gwargwadon abin da aka yi amfani da shi. Ɗaya daga cikin hidimomin farko da Amazon ya buɗe wa jama'a ma ita ce ta ajiye saƙo, Amazon SQS, wadda aka fara gwajinta a 2004 ta fito sosai a 2006.

Duk mai WhatsApp ya san yadda abin ke tafiya ko da bai san sunansa ba. Alama ɗaya na nufin saƙo ya bar wayarka ya isa hannun mai ajiya. Alama biyu na nufin ya shiga wayar wanda aka aika wa. Tazarar da ke tsakaninsu, ko ta daƙiƙa ce ko ta kwana goma, ita ce abin da wannan babi ke magana a kai.

Mafi sauƙin zaɓi wajen ajiye saƙo shi ne layin jira. Manhajar ciniki ta jefa saƙo a layi, manhajar sito ta ɗauka idan ta samu sarari. Saƙo ɗaya, mai ɗauka ɗaya. Hikimar tana cikin abin da ke faruwa bayan an ɗauka. A SQS saƙon ba ya gogewa nan take, ɓoye shi ake yi na daƙiƙa 30, ko tsawon da mai manhajar ya zaɓa. Idan manhajar sito ta gama aikinta ta dawo ta ce an yi, sai a goge. Idan wuta ta ɗauke ko ta sandare a tsakiyar aiki, saƙon ya sake bayyana a layi, a sake ɗauka. Wanda aka yi ta gwadawa ya ƙi sarrafuwa kuma, akwai wani akwati na gefe da ake tura shi don kada ya tare wa na baya hanya, har mutum ya zo ya duba abin da ya same shi. Azure Service Bus na Microsoft da RabbitMQ, wadda ta fito a 2007 kuma kowa na iya ɗauka kyauta ya girka a kwamfutarsa, duk suna da irin wannan tsari.

Layin jira yana da wani amfani da 'yan Najeriya suka ɗanɗana rashinsa. A farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, jama'a suka afka wa tiransifa lokaci guda, manhajojin bankuna da yawa suka riƙa durƙushewa. Manhajar da ake kira kai tsaye, idan masu kira sun fi ƙarfinta, faɗuwa take yi. Wadda ke bayan layi kuwa tana ɗaukar abin da za ta iya, sauran su jira. Ranar kasuwa a tsakiyar damina, lokacin da kowa ke neman taki a sa'o'i uku na safe, cinikin ya taru a layi, manhajar sito ta cinye shi a hankali kafin azahar.

Amma alkawarin da layin ya ɗauka shi ne saƙo zai isa aƙalla sau ɗaya, bai ce sau ɗaya tak ba. A nan ne masu koyon aikin suka fi yin tuntuɓe, kuma a nan ne dukiyar mutane ke salwanta. Wayar shagon Sheme ta tura ciniki, ya isa lafiya, sai sabis ya yanke kafin shaidar karɓa ta dawo. Wayar ba ta da hanyar sanin ko ya isa, don haka ta sake turawa. Yanzu sito ya rage buhu biyu a kan ciniki ɗaya. Wanda aka taɓa cire wa kuɗi sau biyu a POS ya san zafin wannan. Maganin ba a hannun kamfanin gajimare yake ba, yana hannun wanda ya rubuta manhajar: kowane ciniki a ba shi lambarsa tun a shago, mai karɓa kuma ya riƙa duba ko ya taɓa ganin lambar. Bankuna haka suke yi. Kowace tiransifa da ta bi ta tsarin NIP, wanda kamfanin NIBSS ya ƙaddamar a 2011, tana ɗauke da lamba mai alƙaluma 30, kuma ita ce ma'aikacin banki ke tambaya idan aka je ƙorafi. A 2016 Amazon ya ƙara wani nau'in layi da ke kiyaye jerin saƙonni yana kuma watsar da maimaici, sai dai tunawarsa ta minti biyar ce kawai. Ga shagon da sabis kan ɓace masa yini guda, minti biyar ba kariya ba ce.

Zaɓi na biyu shela ce. Sanƙira ba ya bin gida gida, yana faɗa sau ɗaya, duk wanda abin ya shafa ya ji. Manhajar ciniki ta sanar cewa an sayar da buhu a Sabuwa, kowace manhajar da ta yi rajistar jin irin wannan labari ta sami kwafinta. Amazon SNS da Google Cloud Pub/Sub, wadda ta fito a 2015, don wannan aka yi su, Service Bus ma yana yi. Daɗin shela shi ne, idan baɗi maigida ya sayi sabuwar manhaja, misali ta bibiyar bashin manoma har zuwa kaka, ba sai an taɓa ta ciniki ba. Sabuwar ta yi rajista kawai ta fara saurare. A aikace ana haɗa biyun: a yi shela sau ɗaya, kowane mai saurare kuma a ba shi layin jiransa, don jinkirin ɗaya kada ya riƙe sauran.

Wannan ne ma ya sa alat kan makara alhali kuɗi sun riga sun shiga. Kuɗin da saƙon tes ba hanya ɗaya suke bi ba. Mai awon masara a Ɗandume da ya riƙe buhu yana jiran ƙarar waya, layin kamfanin sadarwa yake jira, ba na banki ba. Kuma tunda ana iya ƙirƙirar saƙon tes na bogi, duba asusu a manhajar banki ya fi zama hujja.

Na uku kundi ne. Apache Kafka, wadda Jay Kreps da Neha Narkhede da Jun Rao suka gina a kamfanin LinkedIn aka kuma sake ta ga kowa a 2011, ba ta goge saƙo don an karanta shi. Rubuta shi take yi a jere kamar littafin bashi, kowane mai karatu ya sa alama a inda ya tsaya. Idan aka gano manhajar lissafi ta yi kwana biyar tana kuskure, sai a gyara ta, a mayar da alamarta baya, ta sake karantowa daga can. Manyan bankuna da kamfanonin biyan kuɗi da ke sarrafa miliyoyin ciniki a yini suna da dalilin sonta. Ɗan kasuwar Funtuwa mai shago uku ba shi da shi. Kafka tana cin kuɗi da ƙwarewa, ko da ta haya ce a wurin kamfanin Confluent ko Amazon, kuma matasan masu rubuta manhaja a Kano da Kaduna su yi hattara da ɗora wa ƙaramin ɗan kasuwa ita don kawai sunanta ya yi tashe. Ba a ɗauko tirela don kai buhu biyar.

Wanda ya fi kama da yanayin kudancin Katsina shi ne wanda aka fi mantawa da shi. A 1999 Andy Stanford-Clark na IBM da Arlen Nipper suka tsara MQTT don na'urorin da ke sa ido a kan bututun mai a wurare masu nisa, inda sai ta tauraron ɗan'adam ake magana, layin ga tsada ga yawan yankewa. Saboda haka suka matse shi matuƙa, kan saƙon na iya zama bayit biyu kacal, suka kuma ba shi matakai uku na tabbaci: a tura a manta, a tura har sai an ji amsa, ko a yi musayar da za ta tabbatar sau ɗaya ya shiga. Facebook ya ɗauke shi don Messenger a 2011 saboda ba ya shan batir da data. Ga wayar shago da ke kan sanda ɗaya ta sabis, ko famfon sola da ke aika rahoto daga gonar rani, da wuya a sami abin da ya fi shi dacewa. Amazon da Microsoft duka suna karɓar saƙon MQTT su miƙa shi ga layukansu na ciki.

Yanzu a dawo ga watanni ukun nan. Kowane mai ajiya yana da wa'adi. SQS yana riƙe saƙo kwana 4, ana iya ƙarawa zuwa 14, daga nan sai sharewa. Pub/Sub da Kafka kwana 7 ne idan ba a sauya ba. Firebase Cloud Messaging na Google, wanda ke kai sanarwa wayoyin Android, iyakarsa mako huɗu. WhatsApp kwana 30. Waɗanda suka yanka waɗannan wa'adodi matsalar sa'o'i suke hange, ko ta ƙarshen mako. Katsewar Satumba zuwa Disamba ta zarce su duka. Umarnin da maigida ya tura shagon Sabuwa a makon farko da tuni ya mutu a gajimare kafin wayar shagon ta sake ganin sabis.

Cinikin shagon kuwa ko gajimaren bai kai ba. Wannan shi ne abin da takardun tallar kamfanonin ba su cika faɗa ba: layin da ke Afirka ta Kudu ko Turai ba ya amfanar saƙon da ya kasa fita daga Ƙanƙara. Layin farko dole ya zauna a cikin wayar shagon kanta. Yaro ya rubuta ciniki, manhaja ta adana shi a wayar da lambarsa da lokacinsa, ta ba da rasit, ta jira. Ko sabis ya dawo, ko a sa wayar a aljihu a shiga mota zuwa garin da yake da shi, tana kamawa ta juye abin da ta tara. Ba sabon abu ba ne a Arewa. Ma'aikatan rigakafin shan inna sun yi shekaru suna cika fom a manhajar ODK a ƙauyukan da babu sabis, bayanan su tafi idan an dawo gari.

Sannan ba kowane saƙo ne ya cancanci jira ba, kuma wannan hukunci na maigida ne, ba na injiniya ba. Labarin ciniki kada ya mutu ko da zai shekara. Sanarwar farashi kuwa, idan sabuwa ta fito tsohuwa ta zama guba. Shagon da ya dawo kan sabis ya tarar da sanarwa goma sha biyu a jere, ta ƙarshe kaɗai yake bukata, kuma MQTT yana da hanyar riƙe ta ƙarshen ita kaɗai. Akwai kuma abin da ba ya shiga layi sam. Mai POS ba zai ƙirga wa mutum naira dubu hamsin a kan cewa banki zai amsa jibi ba, domin sai an tabbatar kuɗin suna asusun a wannan daƙiƙar. Shi ya sa sana'arsu ta tsaya cak a 2021, kuma babu dabarar ajiye saƙo da za ta cece ta. Abin da za a iya ceta shi ne duk sauran: ƙidayar kaya, odar sabon kaya, littafin bashi, rasit.

Ko garin da turakunsa ke aiki bai tsira ba. Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa na gajimare na farko a Afirka a Johannesbag da Kef Tawun a 2019, Amazon ya biyo a Kef Tawun a 2020, Google a Johannesbag a 2024. Saƙon da ya tashi daga Faskari sai ya gangara Legas, ya shiga wayoyin ƙarƙashin teku. Ranar 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikinsu, MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankunan Najeriya da dama suka shiga ba abokan hulɗarsu haƙuri. Ga batun kuɗi: kuɗin layin jira ba shi da yawa, SQS ma yana ba da buƙata miliyan ɗaya kyauta kowane wata, abin da ya ishi shago uku har da ragi. Amma lissafin da dala ake yi, kuma dalar da ke wajen naira 460 a farashin hukuma a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Hidimar haya kuma mai ita na iya rufe ta, kamar yadda Google ya rufe IoT Core a Agustan 2023 masu amfani da ita suka kwashe kayansu. Wanda ya gina manhajarsa a kan ƙa'idar da ba mallakar kowa ba, irin MQTT ko AMQP da RabbitMQ da Service Bus ke ji, ƙaura ba ta yi masa wuya, har zuwa kwamfutar haya a Legas ko Abuja. Tun Yunin 2023 kuma akwai dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane waje, kuma sunan manomi da lambar wayarsa da bashin da ake bin sa duk suna ciki.

Ranar da sabis ya dawo ita ce ranar jarrabawa. Wayoyi uku su kama lokaci guda, kowacce ta juyo cinikin makonni. Na Sheme ya riga na Ƙanƙara isowa alhali na Ƙanƙara aka fara yi. Wasu saƙonnin su zo sau biyu saboda sabis ɗin yana kamawa yana saki. Wata wayar ma agogonta ya karkace tun ranar da batir ya mutu, don haka lambar jeri da kowane shago ke ba cinikinsa ta fi agogo abin dogaro. Ɗan kasuwar da zai biya kuɗin manhaja yana iya gwada duk wannan kafin ya sa hannu. Ya cire sim ɗin wayar shago ɗaya ranar Asabar, a yi ciniki mako guda cur, ya mayar da shi, ya kashe wayar a tsakiyar juyewa ya sake kunnawa. Sannan ya tura mutum sito ya ƙirga buhunan da hannu, a gwada da abin da kwamfutar Funtuwa ta nuna.